Ni Na Tura Saƙon, Ƙanwata Ake Shirin Kora

Assalamu alaikum Malama Zulai. Don Allah ki taimake ni da shawara kafin ranar Asabar, domin ranar ce zan tsaya gaban iyayen yara in karanta wata takarda da na rubuta da hannuna, kuma ban san yadda bakina zai iya furta ta ba. Sunayen da zan ambata duk na canza su.

Shekarata ashirin da huɗu. Na gama karatun ƙididdiga a bara, ina zaune gida a Ƙaura Namoda ina jiran kiran bautar ƙasa. Asalinmu wani ƙauye ne a yankin Zurmi. Mahaifinmu manomi ne, rashin kwanciyar hankali ya sa ya dawo da mu gari shekara huɗu da suka wuce. Ƙanwata Naja'atu tana aji biyu na babbar sakandare a wata makarantar jeka-ka-dawo. Baba ne ya saya mata ƙaramar waya, don ya riƙa jin ta isa lafiya.

Ranar Talata, sha ɗaya ga Fabrairu, da ƙarfe sha ɗaya da minti goma sha bakwai na safe, wani saƙon murya ya shigo zauren 'yan ƙauyenmu da ke waya. Tsawonsa daƙiƙa arba'in da bakwai. Wani mutum ne yana haki yana cewa, "Jama'a ga su nan tahe bisa mashuna, gero ya ruhe su ba a ganinsu, ku kwashe ɗiyanku daga makaranta." Bai faɗi gari ba, bai faɗi rana ba. Sau ɗaya na saurara, shi ma ban kai ƙarshe ba. Na tura wa Naja'atu, na rubuta a ƙasa cewa ta yi hattara. Bayan minti biyu na ga alamar ta buɗe.

Ita kuma ta kunna ne don ta ji, ashe muryar wayar a sama take, kuma malaminsu ya fita. Ajin duka ya ji. Wata ta ƙwala ihu, azuzuwan da ke kusa da su suka ɗauka. Ɗalibai ɗari huɗu da wani abu, ƙofa ɗaya. Wata yarinya 'yar aji ɗaya, Salima, shekararta goma sha biyu, ta ga ƙofa ta cushe sai ta hau katanga ta faɗo a kan tarin bulo. Ƙashin ƙugunta ya karye. An kai ta Gusau an yi mata aiki. Yau kwana sittin da takwas, ba ta taka ƙafar ba.

Babu wanda ya zo, Malama. Ko mashin ɗaya.

Da yamma na sake sauraron saƙon har ƙarshe. A bayan muryar mutumin ana jin ruwan sama yana dukan kwano. A watan Fabrairu. Kuma wane gero ne zai rufe mutum a lokacin da ko kara babu a gona? Ni ɗan manomi ne, a cikin gero na tashi. Shekara huɗu ana koya mini kada in yarda da lamba sai na san inda ta fito. Tsohon saƙo ne na wata damina, daga wani wuri da har yau ban sani ba.

Shugaban makaranta ya tambayi Naja'atu wanda ya turo mata. Ta ce ta goge, ba ta tuna ba. An dakatar da ita. A unguwa yara suna kiranta Mai Murya, ta daina zuwa ko Islamiyya. Baba ya karɓe wayar, ya yi mako biyu ba ya amsa gaisuwarta. Ni kuma har yanzu tana ajiye mini abinci ta ce Yaya ga shi nan, kamar babu komai. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Ba mu taɓa tayar da maganar ba.

Mahaifiyar Salima, Hajiya Asabe, mai sayar da hatsi ce a kasuwa. Ita ta tara iyaye suka fara neman a hana ɗalibai shiga makaranta da waya, ba a makarantarsu kaɗai ba, har suna aika wa 'yan uwansu a Shinkafi da Zurmi su yi haka. Da suka nemi wanda zai tsara musu takardar koke aka ce ga ɗan gidan wane, ya yi karatu. Hajiya da kanta ta aiko a kira ni. Ta ce ta san ƙanwata ce ta kunna saƙon, amma ta ji an ce ni mai gaskiya ne, ba zan karkata ba. Salima tana kwance a tabarma a gefenmu tana kallona. Na ce to.

Na bi gida gida, na tara sa hannu da dangwalen yatsa ɗari biyu da goma sha huɗu. Buƙatu uku ne a takardar: a hana waya, a riƙa caje jaka a ƙofa, a kori ɗalibar da ta kunna saƙon don ya zama darasi. Ta ukun ma ni na rubuta ta, har na gyara mata waƙafi.

Ba kowa ya sa hannu ba. Malam Haladu, direba ne a hanyar Shinkafi, 'ya'yansa biyu suna makarantar. Ya ce mini duk wanda ya ga lokacin da aka katse sabis a jihar nan, aka yi makonni mutum bai san ko nasa na raye ba, ba zai raba ɗansa da waya ba. Ya ce akwai yaran da ke zuwa daga wajen Sakajiki ta hanyar daji, in an tare hanya wa zai gaya musu kada su biyo? Dalilin da ya sa Baba ya saya wa Naja'atu waya ke nan.

Yanzu kullum in sha ɗaya da kwata ta yi, ko ina cikin mutane, sai in ji muryar mutumin nan da ƙarar ruwan. Na haddace ta har inda yake haɗiye yawu. Saƙon yana nan a wayata, na kasa gogewa. Ban ma sani ba ko da gaske nake goyon bayan hana wayar, ko kuwa ɓuya nake yi a bayan takardar. In na faɗi gaskiya, ina tsoron idon Hajiya, ina tsoron Baba, ina tsoron gari. In na yi shiru, ranar Asabar da bakina zan nemi a kori ƙanwata. Me zan yi?

Daga Ɗan Manomi, Ƙaura Namoda.

AMSA

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya ba Salima lafiya, ya tashi kafaɗunta.

Bari in raba maka abu biyu da ka haɗe. Tura saƙon kuskure ne. Mutumin da aka taso daga ƙauyensa, in ya ji an ce ga su nan, ba ya tsayawa sauraron ruwan sama, ƙanwarsa yake tunawa. Ka yi gaggawa, gaggawar ta yi ɓarna, amma ba da niyya ba. Shirun kwana sittin da takwas kuwa ba kuskure ba ne, kullum da safe kai kake zaɓarsa. Na farkon ya wuce, ba ka da iko a kansa. Na biyun yana hannunka, kuma shi ne yake hana ka sukuni.

Ka fara da Naja'atu, yau ɗin nan. Yarinyar nan ta ɗauki kayanka ta ɗora a kanta ba ka roƙe ta ba. Ka nemi gafararta, ka gaya mata ka sauke mata. Daga nan ka sami mahaifinku kai kaɗai. Zai yi fushi, ka bar shi ya yi.

Kada Hajiya Asabe ta fara jin wannan magana a cikin taro. Ta yarda da kai a cikin gidanta, a nan ya kamata ka same ta, kafin Asabar, tare da mahaifinka da wani dattijo da take jin nauyinsa. Ka faɗa mata yadda ka faɗa mini, da lokaci da komai, kada ka kawo uzuri. Tana iya korarka. Tana iya ƙin kallonka shekara guda. Haƙƙinta ne, kada ka je da tsammanin yafiya a ranar. In ta huce ta ba ka dama, ka roƙi ta bar ka ka riƙa koya wa Salima karatu a gida don kada ajinta ya wuce ta. In ta ƙi, ka haƙura. Ka kuma sanar da shugaban makaranta a rubuce, don a janye dakatarwar.

Buƙata ta uku ba ka da hurumin karanta ta. Amma kada ka goge ta a ɓoye, mutum ɗari biyu da goma sha huɗu ne suka sa hannu. Ka gaya musu dalili, ka roƙe su su cire ta da kansu.

Game da waya, Hajiya tana da gaskiya, Malam Haladu ma yana da ita. Waya ba ta da aikin yi a cikin aji, amma a kan hanya tana da shi. Ka kai musu wannan shawara: yaro ya zo da wayarsa, ya miƙa ta a ƙofa a sa a akwati da sunansa, ya karɓa in an tashi. Makaranta ta ware lamba ɗaya da kowane uba ya sani, a hannun babban malami, wanda zai tabbatar da labari kafin ya motsa yara. Sannan ka duba abin da takardarku ta manta: yara ɗari huɗu, ƙofa ɗaya. Ko da babu waya ko ɗaya, ranar da taya ta fashe a bakin titi haka za su ruga. A nemi ƙofa ta biyu, a koya wa yara fita a tsare.

Saƙon kuma, kada ka goge shi tukuna. Ranar Asabar, in Hajiya ta amince, bayan ka faɗi wanda ya tura shi, ka kunna wa iyayen nan shi har ƙarshe, ka ce su kasa kunne ga abin da ke bayan muryar. Yawancinsu manoma ne, za su ji ruwan. Da yawansu sun tura irinsa, Allah ne ya rufa musu asiri. In sun gama ji, ka goge shi a gabansu.

Ban yi maka alkawarin muryar za ta bar ka nan take ba. In ta daɗe tana damunka, ka ga likita, ba abin kunya ba ne. Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya sanyaya ran Hajiya Asabe, ya saka wa Naja'atu da alheri, ya nuna mana ranar da Salima za ta shiga makaranta da ƙafarta.

Malama Zulai