Tuwon da ya kife a Kwatano

Zuwa ga Ajuma,

Bayan gaisuwa, yaya yara, yaya ƙafar Inna?

Ni lafiya lau, ban da hannun dama. Na ɗauka tuwo ba wuya, tunda kullum ina kallonki daga kan tabarma. Na tashi tuƙawa, tukunya ta kife mini a hannu, na ƙone. Kwana biyu ban fita dako ba, amma kada Inna ta ji.

Asabe, ke da ke karanta wa uwarki, bar dariya. Ki riƙe lakwal, ki wuce inda na tsaya a karatu.

Ajuma, shekaru kina tuƙa mana da goyo a baya, ban taɓa ce miki sannu ba, sai dai "miya ba gishiri". Ranar da sojoji suka buɗe gadar Gaya da suka rufe a kan iyaka, zan zo in biya ki wannan sannun da bakina.

Mijinki,
Baƙo