Wa Ya Ɗauke Mini Zogale?

Talata, 24 ga Oktoba

Kacici-kacici, kai littafi, tunda kai kaɗai ke saurarona a gidan nan. Ba shi da ƙafa, ba shi da fiffike, tsayinsa ya kai ƙuguna, tukunyarsa sai mutum biyu. Jiya da la'asar yana bakin ƙofa. Yau da safe sai shatin gindin tukunya a kan siminti. Wa ya ɗauka, ina ya kai shi?

Zogalena nake nufi. Ƙwaya bakwai na ɗinke a bakin siket tun daga yankinmu Ilocos na ƙasar Filifin har wannan ƙauye na Koriya, ɗaya tak ta tsiro. Wata biyu da rabi ina lallaɓa shi kamar ɗan fari, don ranar da 'yata Ludy za ta haihu. Ta haihu ranar Alhamis, mace, Dasom. Nonon bai kawo sosai ba. Yau na shirya yin miyar kaza da citta da zogale, wadda uwata ta ba ni, na shayar da shida. Sai ga wayam.

Ba na zargin kowa. Amma mutum huɗu ne manya a gidan: ni, Ludy da ke kwance, mijinta Manseok da ya tafi kai kabeji birni, da uwarsa Bokrye. To.

Laraba, 25 ga Oktoba

Miyar ciyawar teku da safe. Miyar ciyawar teku da rana. Da yamma, ka canka.

Kwana ashirin da ɗaya, wai haka al'adarsu take ga mai jego, ba fita, ba baƙo. Bokrye na tsaye a kan Ludy da cokali kamar mai gadin kurkuku. Na ce, "Ludy, mutum kika haifa ko kifi?" Ta yi dariya har ɗinkin ya yi mata zafi, Bokrye ta harare ni. Harare ni mana, Sarauniyar Barkono. Tsayinki bai kai kafaɗata ba, kin lanƙwashe kamar lauje, amma muryarki ta fi ta zakara.

Juma'a, 27 ga Oktoba

Na matsa wa Ludy ta tambayi Bokrye. Ta yi ta noƙe-noƙe, tana kirana Nanang, wato Inna a yarenmu. "Nanang, in na ce wata miya nake so, ai na zagi tata." Na ce ba sai kin ambaci miya ba, ce mata kawai ina tukunyar uwata.

Ta tambaya da ɗan guntun yarensu da ta iya. Tsohuwar ko juyowa ba ta yi ba, ta yi guna-guni ta fice.

"Me ta ce?"

"Wai yana inda ya dace da shi."

Inda ya dace da shi! Yesu, Maryama, Yusufu! Na san inda matar nan ke kai duk abin da ba ita ta shuka ba: juji. Na je na tona jujin da sanda, ɓawon kabewa kawai na samu, da wani ɓera da ya fi ta kirki, don shi ya dube ni a ido.

Asabar, 28 ga Oktoba

Sanyi. Ciyawa ta yi fari fat da safe, kamar an barbaɗa mata gishiri. Wace irin ƙasa ce wannan da raɓa ke zama ƙanƙara?

Litinin, 30 ga Oktoba

Ma'aikaciyar jinya ta zo ta auna Dasom. Ba ta ƙaru yadda ake so ba. Ta ce za ta dawo ranar goma ga wata, in ba canji sai a haɗa da madarar gwangwani.

Ba laifi ba ne madarar gwangwani, na sani. Amma na ga fuskar Ludy. Shekara uku a ƙauyen nan ana ce mata baƙuwa, ba ta iya wannan ba, ba ta iya wancan ba. Ta juya ga bango ta ce, "Ko wannan ma, Nanang, ban iya ba." Ni da na ƙetare teku don abu ɗaya, ina zaune hannu rabbana.

Manseok ya dawo. Na kama shi a tsakar gida, na kwatanta masa tukunya da hannu, na kwatanta bishiya. Ya rusuna, ya sake rusunawa, ya je ya kawo mini tsintsiya. Yaron kirki, amma kansa kabeji ne.

Laraba, 1 ga Nuwamba

Ranar matattu. A gida yanzu an cika maƙabarta da kyandir da shinkafa mai danƙo. Wa ya share kabarin mijina Doming? Na kunna masa kyandir a bakin taga, Bokrye ta shigo ta hure, ta nuna labule. Ni Soring, shekara sittin da takwas ban taɓa ƙona ko tsumma ba.

Doming, da kana nan da ka ce, "Soring, bar ta." Shi ya sa ka riga ni tafiya, haƙuri ya cinye ka.

Alhamis, 2 ga Nuwamba

Na ɓoye wa Bokrye takalminta na roba na gona. Ƙafa ɗaya kawai, ta hagu, a bayan buhun shinkafa. Ta ɗanɗana yadda ake ji in abin mutum ya yi ƙafa.

Ta nema, ta nema, ta zo ta tsaya a gabana tana nuna ɗayan. Na ce mata da yarena, da murmushi, "Yana inda ya dace da shi."

Daɗin da na ji! Allah ya yafe, amma ba yau ba.

Asabar, 4 ga Nuwamba

Taurin kai irin na matar nan. Na zata za ta zauna a gida. Ina! Kullum da sassafe sai ta zura silifa ta bi ta cikin farar raɓar nan zuwa rumfar leda inda take noman barkono, da butar ruwan ɗumi a hannu. Barkonon ma an gama tsinkewa. Me take shayarwa, aljanu? Ni dai ban taɓa taka wajen ba, na faɗa tun ranar da na iso, raino na zo, ba ƙwadago ba.

Litinin, 6 ga Nuwamba

Tana tari. Ba ruwana.

Talata, 7 ga Nuwamba

Tarin ya sauka ƙirji, ta daina shiga ɗakin jaririya. Ta ajiye miya a bakin ƙofa, ta leƙa ta tsaga kamar ɓarauniya a gidanta. Ludy ta ce, "Nanang, kin ga takalminta?" Na ce ni mai gadin takalma ce? Ta dube ni irin kallon da nake mata tana ƙarama in ta saci sukari. Yara ba su da kunya yanzu.

Laraba, 8 ga Nuwamba

Ba don ita ba. Don kar ta mutu a ce ni ce.

Na ɗauki takalmin na bi ta rumfar ledar, da nufin in jefa mata in juyo. Na ɗaga ledar ƙofa, ɗumi ya buge ni kamar na shiga kicin ɗin gidanmu. Can ƙurya, kusa da murhun da ke ɗumama wurin, tana tsugune. A gabanta tukunyata, an naɗe ta da tsohon bargo, an ɗaure da igiya. Tsofaffin ganyen duk sun zube. Amma a kan kowane reshe ga sabon toho, kore shar, ƙanana kamar kunnen ɓera.

Ta gan ni, ta tashi tana faɗa, tana tare shi da jikinta. Ni ma na yi faɗa, ban san a kan me ba. Mun daɗe muna yi, kowa da yarenta. Sai ta ga takalmin a hannuna. Na miƙa mata. Ta karɓa, ta ɗan maka mini shi a kafaɗa, sannan ta saka.

Da na tsinki ganye na sa a baki, ta yi ihu ta riƙe mini hannu. Ashe fure ta zata! Ludy ta fassara daga baya: wai ta ga sanyi ya fara ƙona shi, ta ce ba za ta nuna mini gawa ba, sai ya farfaɗo. To ba sai ki faɗa ba, tsohuwar banza?

Alhamis, 9 ga Nuwamba

Ita ta yanka kazar, ba wanda ya roƙe ta. Ganyen bai fi tafi ɗaya ba. Ina juya baya ta zuba ciyawar tekunta a tukunyata. Na ga abin da ta yi. Na ƙara citta, don tarinta.

Ludy ta sha kwano biyu, tana kuka tana sha.

Juma'a, 10 ga Nuwamba

An auna. Ta ƙaru. Ma'aikaciyar ta ce a ci gaba da abin da ake yi, sai Bokrye ta buga ƙirji, wai miyarta ce. Miyarki ta kwana ashirin! Tawa kwana ɗaya ta yi aikin. Ludy ta ce wataƙila lokacinsa ne kawai ya yi. Ba wadda ta kula ta a cikinmu.

Gobe ana wanke kabeji ɗari biyu na kimchi, kabejinsu da ake jiƙawa da gishiri da barkono. Zan leƙa, don kawai in ga yadda take ɓata gishiri. Ta ajiye mini safar hannu ta roba, ja. Ta yi mini yawa.

Amsar kacici-kacicin: Bokrye ce ta ɗauka. Ranar ta ji a rediyo raɓa za ta daskare, Manseok ba ya nan, ni ina wanka. Ita kaɗai ta ja tukunyar a kan buhu, daga bakin ƙofa har rumfar leda, taki ɗari uku da goma sha biyu. Na ƙirga yau.