Kujerar Doreen a Fili na Talatin

Kansas City, 9 ga Yuni

Zuwa ga 'yata Marcy,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mijinki. Na san ba ki son jin muryata, shi ya sa na koma takarda.

Na ci gaba da zagayen da muka fara da mamanki Doreen. Filayen besbol, ƙwallon nan da ake bugawa da sanda, guda talatin na manyan ƙungiyoyi muka yi alkawarin gani, ta ga ashirin da biyar. Yau na shiga na ashirin da bakwai. Akwai ruwa mai tsartuwa sama a bayan fili, da ta gani da ta ce almubazzaranci ne, sannan ta ɗauki hotonsa sau goma. Burodi da sosejinsu bai kai na Milwaukee ba, kusa ma bai yi ba.

Har yanzu tikiti biyu nake yanka. Wani ƙato ya nuna kujerar gefena ya ce, "Tsoho, da mutum a nan?" Na ce da mutum. Can a zagaye na shida cikin tara na wasan ya leƙo ya ce, "Kai, mutumin nan naka a layin ban ɗaki ya tare ne?" Na yi dariya, amma gyaɗar da ke hannuna ta ƙi ciwuwa.

Fili na talatin shi ne na garinku, Seattle, ranar 16 ga Agusta. Ki zo ki zauna a kujerar.

Naki,
Babanki Leland

Seattle, 21 ga Yuni

Baba,

Na samu wasiƙarka, muna lafiya.

Labarin soseji kake ba ni? Ranar da Mama ta cika sau goma sha ɗaya na kira ka. Ni kaɗai ce a asibiti riƙe da hannunta, kai kana Cleveland kana kallon ƙwallo, wayarka a mota. Wannan filin fa, maki nawa ka ba shi?

Kada ka yanka mini tikiti.

Marcy

Denver, 8 ga Yuli

Marcy 'yata,

Ina gaishe ki. Kin yi tambaya, zan amsa, tunda ranar jana'iza ba ki bari na ƙarasa magana ba.

Kin san littafin mamanki, mai koren bango, wanda take rubuta kowane bugu da fensir, wa ya fita, wa ya zagayo gida. Kin san dokarta kuma: mai riƙe da littafi ba ya duba waya, ba ya barin fili sai ɗan wasa na ƙarshe ya fita. Da safen ranar ita ta ciro shi daga ƙarƙashin matashi ta ce, "Leland, tikitin Cleveland zai lalace. Tashi ka je, zamanka a kaina kamar mai gadi ya ishe ni." Likita ya ce da sauran kwanaki. Na yarda saboda ina son in yarda, wannan laifina ne kuma ba na musu.

Daga baya na lissafa lokacin. A zagaye na bakwai ne, sa'ad da kowa ke miƙewa ya yi miƙa ana waƙa. Ina tsaye ina waƙa da baƙi, Marcy. Tun ranar ban sake tashi a zagaye na bakwai ba. Mutum dubu arba'in a tsaye, ni a zaune, yara na kallona.

Ga hoton shafin na sa miki. Dubi sama, rubutunta ne.

Denver iska ba nauyi, ƙwallo na tashi kamar an kore ta. Ana hango duwatsu daga kujerun sama. Babu wanda zan nuna wa.

Babanki

San Francisco, 30 ga Yuli

Marcy,

Gaisuwa. Shiru ban ji daga gare ki ba, ban kuma yi mamaki ba.

Filin nan ya fi duka kyau, gaskiya, teku a bayansa, mutane cikin ƙananan kwalekwale suna jiran ƙwallo ta faɗo ruwa. Amma sanyi kamar ba bazara ba, kuma na manta rigar sanyi, abin da ita ce ke tuna mini. Idona ya fara gazawa, sau uku na rubuta bugu a gidan da ba nasa ba. Wata tsohuwa a bayana ta leƙo littafin, ta ga na rubuta ɗan wasa ya fita alhali bai fita ba, ta ce, "Malam, ka kashe mutumin da ke tsaye da ransa." Na goge har takardar ta huje.

Shafi ɗaya ya rage. Na yanki tikiti biyu duk da kin hana, layi na goma sha huɗu. Idan ba ki zo ba zan ce da mutum, na saba.

Babanki Leland

Seattle, 9 ga Agusta

Baba,

Sati uku shafin yana manne a firij ɗina. "Ka cika mini har ƙarshe, kada ka tashi." Rubutunta ne, na gani. Na kuma ga ka rikita zagaye na biyar gaba ɗaya.

Ban ce na huce ba. Amma ba za ka ɓata mata shafin ƙarshe ba, ni zan riƙe littafin, ita ta koya mini. Ka zo da fensirinta da rigar sanyi.

A zagaye na bakwai, in ka kasa tashi, zan zauna tare da kai.

'Yarka,
Marcy