Takalman da Ba Nata Ba

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Yaya da yaranta, da ciwon bayan nan naka da kake cewa ba ciwo ba ne.

Kakar wasa ta ƙare, mun zo na uku. Ga takalman ƙwallona na bana nan a kwali kamar yadda muka saba, sai ka buga musu ƙusa a bangon shago kusa da 'yan'uwansu goma sha ɗaya. Na san in na bugo waya cewa za ka yi ba ka ji, shi ya sa na saka takarda a ciki.

Albishirinka! Sunana ya fito cikin waɗanda ƙungiyar ƙasa ta kira domin gasar nahiya. Sau biyu tana wuce ni, Baba, ka fi kowa sani. Nan da mako shida za a shiga sansani, kuma daga nan zan wuce kai tsaye, ba zan biyo ta gida ba. A sa ni a addu'a.

'Yarka,
Bahaguwa

*

Zuwa ga Bahaguwa,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, bayana ma lafiyarsa lau. Allah ya sanya albarka a kiran da aka yi miki.

Kwali ya iso. Takalman wace ce waɗannan?

Shekara arba'in ina zaune a kan bencin nan ina duba ƙasan takalman mutane. Naki kuwa tun kina 'yar shekara tara nake ɗinke su. Da hagu kike bugu, saboda haka bakin na hagu ke fara salewa. Kina ɗaure igiya kamar mai fushi da ita, har ramin igiya na uku ya yage. Waɗannan na dama ne ya sale, ramukan duk lafiyarsu ƙalau, kuma mai su faɗin ƙafa gare ta. Lamba ce kawai ta zo ɗaya.

Ban rataye su ba. Suna ƙarƙashin benci sai na ji daga gare ki.

Allah ya tsare,
Babanki

*

Baba na kaina,

Gaisuwa da fatan alheri. Wallahi ka ba ni dariya! Ashe ɗan sanda aka rasa, ya ɓige da gyaran takalmi. Kuskuren mai kula da kayanmu ne. Ranar wasan ƙarshe ɗakin sauya kaya ya cakuɗe, kowa na tsalle, ta saka mini na wata a jaka, ni kuma ban duba ba. Zan nemo nawa in na samu sukuni. Kada ka sa komai a ranka.

A gaishe da maƙwabtan shago.

Bahaguwarka

*

Ƙanwata,

Sallama da gaisuwa, amma a tsaye, don ba ni da lokacin doguwa.

Me kike ɓoye mana? Ke da ko a duhu kina gane takalminki, yau ke ce ba ki duba ba? Kwana huɗu ke nan Baba ya karɓe mini waya. Wasanninki uku na ƙarshe yake ta maimaitawa, ya matso da ita daf da hanci, masu kawo gyara suna tsaye suna jira. Ba ƙwallo yake kallo ba, ƙafafunki yake kallo. Ya ce in za ki juya hagu sai kin ƙara taku ɗaya, kuma da ba haka kike ba.

Ni nawa zargin ya fi nasa yawa. Da farko na ce ko korarki suka yi kike jin kunya. Daga baya na ce ko wani ne ya shiga rayuwarki, shi ya sa ba za ki biyo ta gida ba. In shi ne, ki faɗa mini, ba zan cinye ki ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Tsohon kocinki yana zuwa shago hira duk mako, kin kuwa san shi da likitar ƙungiyar ƙasa ba sa ɓoye wa juna komai. Baba ya ce in takalmanki na gaskiya ba su iso ba kafin a shiga sansani, zai ce masa a duba ki da kyau. Kin san Baba, in ya faɗa ya gama.

Ki amsa mini da wuri.

Yayarki

*

Yaya,

Gaisuwa. Ki karanta wannan ke kaɗai, ki yaga.

Ba kora ba ce, ba kuma namiji ba ne, ina ma shi ne. Gwiwata ta hagu ce. Wata huɗu da suka wuce na sauko daga tsalle na ji wani abu ya ce ƙas. Likitan ƙungiyarmu na nan ya ce jijiyar ta ɗan yage, sai an yi tiyata, sannan wata tara ba wasa. Na roƙe shi ya bari kaka ta ƙare. Kafin kowane wasa ana yi mini allura, in shiga fili ina murmushi, in fito in rungume ƙanƙara. Takalman kuwa da gangan na karɓi na abokiyar ɗakina, don na san abin da Baba zai gani a nawa.

Shekarata talatin da ɗaya, Yaya. Gasar farko an ce na yi ƙanƙanta, ta biyu ina zaman makokin Inna. Ta huɗu ba za ta same ni a fili ba. Wasa shida ne kacal in mun kai ƙarshe. Ina son in tsaya a layi sanye da rigar ƙasa ana rera take, Baba yana kallo. In likitar can ta saka ni a na'ura, shi ke nan, an cire sunana.

Na aiko da nawa na gaskiya gidanki, ba shago ba. Na hagun bai ci ba kamar yadda ya saba, don na rage bugu da shi. Ki goga bakinsa da haƙoran ƙasansa a siminti su ɗan cinye, sannan ki kai masa. Don Allah ki rufa mini asiri.

Ƙanwarki

*

Zuwa ga Bahaguwa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin tashi lafiya, iyakar lafiyar da kike da ita.

Yayarki ta kawo takalma, ta ajiye, ta kasa kallon idona. Kada ki ga laifinta, ba ta ce mini uffan ba. Sai dai ku biyun kun raina mini sana'a. Cin siminti a miƙe yake, cin ciyawa a karkace. Ƙurar simintin ma tana nan a maƙale.

Na hagun ya gaya mini abin da na riga na sani. Na daman ne ya tsorata ni, kuma na tabbata babu wanda ya juya shi ya duba. Haƙoransa na gefen waje sun cinye saura kaɗan, diddigen ya kwanta, ɗinkin gefe ya fara buɗewa. Wata nawa kina ɗora wa ƙafa ɗaya aikin biyu? Likitanku gwiwar da ke ciwo yake dubawa. Ni na sha ganin takalmi irin wannan, kuma na ga yadda masu su suke shigowa shago bayan shekara biyu. Ba ƙafa ɗaya suke ja ba.

Jiya tsohon kocinki ya zo, ya yi awa guda yana yabonki. Na ce zan gaya masa, ban gaya ba, kuma ba zan gaya ba. Ƙafarki ce, ke kika kai ta inda ta kai, ban da ikon ƙwace miki. Amma ki sani tsoro nake ji, irin wanda rabona da shi tun jinyar mahaifiyarki. Ina son ganinki da rigar ƙasa. Na fi son ganinki kin shigo shagon nan da ƙafafunki, kina mini tsiya, ko da na tsufa tukuf.

Ga takalman abokiyar wasanki nan na mayar, na ɗinke mata gefen da ya buɗe. Ki ce mata ta daina jan diddige.

Allah ya yi miki zaɓi,
Babanki

*

Baba,

Wa'alaikumus salam. Na karanta sau uku. Na ji haushinka kwana biyu, a na ukun na ce wa likitanmu ya duba ta daman. Ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya tambaye ni wa ya gaya mini. Na ce masa wani mai gyaran takalmi ne.

Da kaina na kira likitar ƙungiyar ƙasa. An cire sunana. Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba, har yanzu ma ban gama ba. Ranar Talata za a yi tiyatar.

Ka rataye takalman yadda suke, har da ƙurar simintin Yaya. Sannan ka buga ƙusa ta goma sha uku a gefensu, ka bar ta haka nan. In ta yi tsatsa, ta yi. Kada dai ka cire ta.

'Yarka,
Bahaguwa