Kebul ɗin da ke Yanke Mana Kiran Juma'a

Riyad, 7 ga Maris, 2015

Zuwa ga Ummata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya. Yaya gwiwar taki, kina dai shafa man da na aiko? Yaya Khalil da karatu, da sauran mutanen Tudun Wada? Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya fara leƙowa.

Khalil ya ce jiya tun azahar kika zauna gaban kwamfutarsa da sabon mayafi kina jiran kiranmu, har kika gaji kika tashi. Umma, abin ya tsaya min a rai. Wallahi ba mantawa muka yi ba, kwamfutar gidan nan ce ta tsiro da sabon hali. Duk mako lafiyarta ƙalau, amma da Juma'a ta yi, an dawo masallaci an ci abinci, sai ta ce ba ta san wani abu intanet ba. Wayoyinmu kuwa suna ta aiki da waifai ɗin, ita kaɗai ke yajin aiki.

Kin san surukinki. Aikinsa a ofishin jakadanci lissafi ne, amma a gida injiniya ne da ba wanda ya ba takarda. Ya kashe akwatin intanet ya kunna har na daina kallo. Ya zargi maƙwabta da shan mana waifai, ya sauya lambar sirri, ya manta wadda ya sa. Ya kira kamfani, ma'aikacinsu ya zo ran Talata ya tarar komai na tafiya, ya ce mana mafi mushkila, wato ba matsala, ya sha shayi ya tafi.

Jiya dai na ga wani abu. Akwai wani shuɗin kebul da ke fitowa daga tsohon akwatin da aka haɗa firinta da shi, wanda Abban Rahma ke soka wa kwamfutar idan zai buga takarda kawai. Na tarar da shi a soke, ina zare shi intanet ta dawo, amma lokacin kin riga kin tashi. Abban Rahma ya rantse bai taɓa shi ba, autanmu Ghali kuma hannunsa bai kai teburin ba.

Rahma ce damuwata, Umma. Shekararta tara, Larabci take mafarki da shi, Hausar kuwa sai ta tsaya ta lalubo. Kiran nan shi ne kaɗai abin da ya haɗa ta da ke, ba na so ta girma tana ganin ki baƙuwa.

Ki gaida kowa. Taki har kullum,
Hajar

Riyad, 14 ga Maris, 2015

Ummata,

Assalamu alaikum. Da fatan kin tashi lafiya, gwiwa kuma da sauƙi. Ki sa Khalil ya buga miki wannan a takarda ki karanta da kanki, ba na so ya karanta miki a tsakar gida.

Injiniyanmu ya yi nasara, dole in yaba masa. Ya gano cewa idan kwamfuta ta samu kebul da waifai a lokaci guda, kebul take fifitawa. Namu kuwa iyakarsa firinta, ba ya kaiwa ko'ina, sai ta bi shi ta tsaya. Ya shiga saitin ya nuna mata cewa kebul na firinta ne, hanyar waje kuma waifai ce. Ya gwada a soke da a zare, duka ta yi. Bai gaya wa kowa ba sai ni, yana jiran Juma'a ya burge yara.

Kin ga abin da ya faru jiya daga ɓangarenki: fuskarki ta fito, Rahma ta tashi da gudu. Ga abin da ba ki gani ba. Kebul ɗin yana soke tun kafin mu zauna. Da ta ga kiran ya shiga duk da haka, sai ta sa hannu bayan kwamfutar ta zare shi ta sake sokawa, ta sake. A nan na gane wanda ke yanke mana kira duk makonnin nan. Wai ta lura ne duk ranar da babanta ke buga takarda wasanninta ba sa buɗewa.

Na bi ta ɗaki da niyyar faɗa, na same ta a bayan ƙofa tana kuka marar sauti. Da Larabci ta yi min bayani, don Hausar ba ta isar mata ba. Wai kin ce ita ba jikarki ba ce, mai kunnuwan zomo, a bar wa Larabawa kayansu a kawo miki angonki Ghali. Wai kowane kira sai kin faɗa, kowa na dariya, har da ni. Ta ɗauka da gaske ba ki son ta, shi ya sa ta ga gara ta hutar da ke ganin ta.

Umma, mu da muka tashi muna jan zanen Kaka tana bin mu da muciya, wa ya taɓa zaunar da mu ya ce wannan wasa ne? Ita kuwa a nan ba ta taɓa ganin kaka da jika suna tsokanar juna ba. Na koya mata gaisuwa da durƙuso, ban koya mata wannan ba.

Da farko na yi niyyar roƙon ki ki daina. Sai na ga idan kika koma yi mata magana da ladabi, to ta zama baƙuwar da nake tsoro. Don haka na gaya mata kaka ba ta tsokanar ɗan wani sai nata, kuma jika na da izinin ramawa. Ta zaro ido, ta tambaye ni ko ba haram ba ne. Yanzu haka tana can tana haɗa miki naki, ta hana ni ji. Ki shirya.

'Yarki,
Hajar

Riyad, 21 ga Maris, 2015

Ummata,

Assalamu alaikum, da fatan kin huce daga abin da aka yi miki jiya. Abban Rahma na gaishe ki, ya ce ba ruwansa.

Tun a hanyar dawowa daga Dir'iyya, inda muka kai yara shan iska da safe, Rahma take maimaita ramuwar tata a ƙasan maƙoshi. Kin dai ji ta: wai ba za ta kawo miki dabino ba, don goro ya riga ya cinye haƙoran da za ki tauna da su. Ba ta yi tuntuɓe ko ɗaya ba.

Sai dai tana rufe baki hoton ya tsaya cik. Wannan karon ba hannun kowa, daga can wajenku ne. Fuskarki ta daskare ba dariya ba fushi. Ta riƙe hannuna ta ƙanƙame, ta tambaye ni a hankali ko kin kashe ne. Ni ma na ƙura wa hoton ido.

Muryarki ce ta fara dawowa kafin hoton, kina dariya har da tari, kina kiran Khalil ya zo ya ji abin da 'yar banzar jikarki ta ce. Ta saki hannuna. Ta juyo ta ce min, da Hausa, wai na ji, kin ce jikarki.

Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, Umma.

Taki,
Hajar