Yadda Na Sauke Jirgin Katako

Yaya Sale, gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, da Yaya Hajara da yara. Yaya ruwan Kumasi? Mu nan Lamashegu ƙalau.

Saura kiris a kore ni daga filin jirgi. Akwai akwatin katako da ake koyon tuƙin jirgin sama a ciki, wani kuma yana tebur yana ba da umarni ta waya. Tun samun 'yanci sojojinmu da Turawa suke gwada yadda na cikin akwatin da mai wayar za su fahimci juna. Ina shara na girgiza akwatin, Kofur Yakubu yana ciki, ya yi ta salati. Ofisan wurin ya ce mini, "Shiga. In ka faɗo, aikinka ya ƙare."

Duk abin da mai wayar ya faɗa sai na maimaita masa, kamar a makarantar allo, kafin in taɓa komai. Sau biyu ya ji na karkace, ya gyara ni. Na sauka lafiya. Yanzu an ce kowa ya riƙa maimaitawa, har Kofur da bokonsa, kuma ni ke sauraronsu.

Ka sa ni a addu'a. Ka gai da Malam Isa na makarantar allonmu, ka ce bulalarsa ta kai ni sama.

Ƙaninka, Ɗanjuma.