Garuruwa Ukun da Ka Rubuta Mini

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta uwa da ɗanta, ina fatan makwancinka a maƙabartar Baƙi'a ya yi maka sanyi. Muna nan unguwar Harra a Madina yadda ka bar mu. Ƙanwarka Safiya ta haifi namiji, an mayar masa da sunanka. Ka yi haƙuri da rubutun, har yau bai daidaita ba, kuma babu mai gyara mini.

Na je, Abba. Duka ukun na je.

Ka tuna littafin nan mai koren bango da ka sayo mini a unguwar Ƙurban? A shafin farko ka rubuta sunaye uku manya-manya: Khaibar, Badar, Yanbu. Ka ce, "Ya Ummi, ranar da kika karanta waɗannan da kanki, khalas, shi ke nan, sai mota. Ke za ki riƙa karanta mini allunan hanya." Kullum ka taso daga kantin maganin da kake aiki, sai ka zauna bakin tabarma kana jan yatsana a kan haruffa, ina yi maka Hausa kana mayar mini da Larabci.

Ka san tun da motar mahaifinku ta yi karo da raƙumi a hanyar Jidda, na tsani duk titin da ya fita daga Madina. Kai kuwa ba ka da zance sai na dabinon Khaibar da kifin Yanbu.

Makon jiya mijin Safiya, Idrisu, ya yaye bargon da ke kan motarka, ya kai mu. Ranar Alhamis muka kama hanyar Khaibar. Baƙaƙen duwatsu ne dama da hagu, irin na bayan gidanmu, sai dai waɗannan ba su ƙarewa. Tsohon garin babu kowa a ciki. Gidajen laka da dutse sun hau kan juna, ƙofofi a buɗe, rufin wasu ya rufta. Na leƙa wani ɗaki na ga gurbin murhu da baƙin hayaƙi a bango. Wata mata ta yi girki a nan, tana jiran wani ya dawo. Na daɗe tsaye har Safiya ta ja mini hannu.

A ƙasan ganuwar garin akwai gonakin dabino, ruwa yana bin ƙananan magudanai a tsakaninsu. Wani tsohon manomi ya cika mini tafi biyu da dabino, ya ƙi karɓar komai. Ya tambaye ni 'ya'yana nawa. Na ce biyu. Ban rage ka ba.

Washegari muka bi ta Badar, muka yi wa shahidai sallama, muka wuce ƙauyuka masu awaki da rijiyoyi. Can sai iska ta canja, na ji gishiri a leɓena. Wani babban allo ya taso a gabanmu, kafin in ankara bakina ya riga ni: "Yanbu." Safiya ta tafa hannu tana cewa yau da yayanta yana nan da ya yi rawa. Ni kuwa na ja mayafi na rufe fuska.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Abba, na daɗe da iyawa. Tun kana raye na iya. Watanni kaɗan da fara koya mini, ina kicin na karanta "Khaibar" a jikin kwalin dabino, ni kaɗai, tsaf. Maimakon murna sai gabana ya faɗi, don na san abin da ke biye. Da ka dawo ka buɗe littafin, na yi ta in'ina da gangan. Ka shafa kaina kamar ni ce 'yar, ka ce, "Ma'alesh, Ummi, bukra," wato ba komai, sai gobe. Azumi biyu suka wuce ina yi maka haka. Har ka taɓa cewa laifinka ne, ba ka iya koyarwa ba, na ji, na bar ka a kan haka.

A ganina tsare ka nake yi. Sai ga zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke ka a ɗakinka, a kan katifarka, motar tana ƙofar gida ko tayarta ba ta motsa ba.

A Yanbu na shiga teku har idon sawu. Da ɗumi, ban zata ba. An soya mana kifi a kusa da tsofaffin gidajen nan masu tagogin katako, ya yi daɗi kamar yadda ka faɗa, amma loma biyu na yi na ajiye. A bayan motar na sami 'yar kujerar naɗewa da ka saya don ƙafata, ledarta ma ba a cire ba. A kanta na zauna.

Malamina, ka iya koyarwa. Ɗalibar ce ta yi maka ƙarya. Ka yafe mini.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya shayar da kai daga tafkin Annabi, Ya sada mu a inda babu hanyar da za ta ba ni tsoro.

Ni ce mahaifiyarka,
da hannuna na rubuta.